Yadda ake gane sandar sinuka ta aikin hannu, da yadda ake riƙon ta a yanayin Bauchi

A Gwallameji da Yalwa da lungunan Wunti, duk inda aka kafa teburin sinuka za ka tarar da sanduna uku ko huɗu jingine da bango, kowa ya zo ya zaɓi mai dama-dama. Na kamfani ne masu araha, sun sha hannu har sun karkace. Amma akwai wata irin sanda da mutum ɗaya yake ƙerawa a shagonsa, ya yi watanni ko shekaru a kanta, wani lokaci a sayar da ita kuɗin mota. Yanzu da kayan gwanjo ke shigowa, 'yan'uwa kuma ke aiko da kaya daga Ingila da Amurka, ba abin mamaki ba ne wani ya zuge jaka ya miƙo maka sanda mai ƙyalli ya ce ta hannu ce. Ƙyallin nan shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Darajar sanda tana cikin bushewar katakonta da kyan haɗinta, kuma duka biyun ana iya gwada su da ido da yatsa da kunne.

Fara da sanin wasan da aka yi ta dominsa

Mu a nan duk sinuka muke cewa, amma wasan da ake yi a yawancin teburanmu, mai ƙwallaye 15 masu lamba ko masu launi biyu, shi ne pul. Sinuka ta asali teburinta ƙafa 12 ne, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi shida. Sandar pul ta Amurka tsawonta inci 58 ne, kusan santimita 147, nauyinta daga giram 510 zuwa 595, faɗin bakinta milimita 12 zuwa 13, kuma da farin katakon mapul ake yin rabinta na gaba. Ta sinuka irin ta Ingila bakinta siriri ne, milimita 9 zuwa 10, da zoben tagulla a ƙarƙashin 'yar fatar bakin da ke taɓa ƙwallo, katakonta yawanci ash ne mai layi-layi. Ka tafi da tef ɗin tela, in da hali har da ƙaramin sikeli. Idan ƙwallayen teburin da kake bugawa manya ne, masu milimita 57, siririn baki ba zai jure ba. Idan ƙanana ne, mai kaurin baki za ta rufe maka inda kake son taɓawa a jikin farar ƙwallo.

Miƙewa

Kowa ya san a kwantar da sanda a kan tebur a mirgina ta. Matsalar ita ce teburanmu da yawa katako ne a ƙarƙashin ƙyallen, ba dutse ba, su kansu ba a miƙe suke ba, don haka sai su ɗora wa sanda laifin da ba nata ba, ko su rufa mata asiri. Ka nemi tebur mai gilashi ko dai wani wuri da ka tabbata a baje yake.

Idan mai rabuwa biyu ce, ka kwance ta, ka mirgina kowane rabi shi kaɗai, a hankali, kana durƙushe idonka daidai da teburin. Abin da kake nema shi ne hasken da ke ratsawa ta ƙarƙashinta: idan yana buɗewa yana rufewa, akwai lanƙwasa. Sannan ka haɗa ta ka sake. In rabi da rabi lafiya lau suke amma da aka haɗa bakin yana ɗagawa yana sauka, laifin mahaɗa ne, fuskokin biyu ba su zauna daidai ba. Wannan yana gyaruwa a hannun mai injin juya katako da ya san aikinsa. Lanƙwasar katako kuwa da wuya ta gyaru ta zauna.

Sandar sinuka ta Ingila ba a yi mata hukunci da mirginawa. Akwai ɗan wuri da ake fere mata a gindi ya zama a baje, kuma da yawa da hannu aka fere su, don haka za ta yi tsalle ko da a miƙe take. Ita sai ka ɗaga gindin zuwa idonka, ka saita bakin wajen taga, ka rufe ido ɗaya, kana juya ta sannu-sannu.

Katakon

Abin da ya raba maƙerin kirki da kamfani shi ne haƙuri. Ba ya ɗaukar katako ya fere shi ya kai siririnsa a rana ɗaya. Yakan rage masa kaɗan a inji, ya rataye shi makonni ko watanni, ya sauko da shi ya duba. Wanda ya motsa a jefar, wanda ya tsaya a ƙara rage masa kaɗan a sake ratayewa. Haka har ya kai girman da ake so. Shi ya sa sandar da aka ƙera shekara 50 da suka wuce za ka same ta a miƙe, sabuwar kasuwa kuma ta karkace kafin hunturu ɗaya ya fita.

A mapul, ka duba layukan jikinsa: su tafi santal daga mahaɗa zuwa baki, kusa da juna, ba tare da sun zame sun fita ta gefe ba. Ɗan tabo mai ruwan ƙasa ba ya hana bugu, farashi kawai yake ragewa. A ash kuwa layukan suna fitowa da siffar kan kibiya, suna bin juna zuwa baki. Masu tara sanduna suna son kibiyoyin su jeru a layi ɗaya da tazara daidai. Wannan son ido ne fiye da amfani, amma shi ake biya wa kuɗi.

Tsinayen gindi, inda aka fi yaudarar mutane

Dogayen tsinayen nan na baƙin katako da ke hawa daga gindi zuwa cikin farin, kamar aska a gaban babbar riga, su ne suke nuna hannun maƙeri, kuma kamar aikin rigar, akwai na hannu, akwai na keke. Iri uku za ka gamu da su a sandar pul.

Na farko shi ne haɗin gargajiya. Maƙeri yana yanka kwari mai kusurwa a jikin farin katakon, zurfinsa yana raguwa zuwa sama, ya liƙa guntun eboni, wato baƙin katakon, mai kusurwa huɗu a ciki, sau da yawa da siraran fallayen katako masu launi a gefenta, sannan ya ɗora duka a inji ya fere su har su zama kewayayyu. Ferewar ce take fito da tsinin, shi ya sa yake ƙarewa da kaifi sosai. Na biyu na injin kwamfuta ne, wanda ke haƙa rami marar zurfi a cusa katako a ciki. Bakin injin kewayayye ne, ba ya iya yanka kusurwa mai kaifi, don haka kan tsinin yakan fito da ɗan dunƙule. Wannan ba jabu ba ne, manyan maƙera da yawa suna aiki da shi, sai dai kada a sayar maka da shi a matsayin na gargajiya. Na uku kuwa hoto ne kawai aka liƙa aka bi da fenti mai sheƙi.

Kunna fitilar wayarka, ka haska ta gefe, ka kawo ido kusa. A tsini na gaske, layukan baƙin katakon nasu ne daban, suna tsayawa cak a inda farin ya fara. A na hoto za ka ga layin farin katakon yana ratsawa ta ƙarƙashin launin, ko ka ga ɗige-ɗigen bugawa, ko wani siririn layi a tsaye inda takardar ta haɗe. Sannan ka ɗaura zare ya kewaye sandar daidai kan tsini ɗaya, ka ga ko sauran sun kai zaren. Na ƙwararre za su zo kusan daidai, da bambancin da sai an ƙura ido. Idan ɗaya ya ɗara sauran da faɗin yatsa, an ɗora katakon a karkace a inji. Idan kuma duk tsinayen sun zo iri ɗaya sak har da tabon jikinsu, hoto ne. Ka duba kan tsinin inda fallayen launi suka haɗu: su rufe ruf, ba baƙin layin gam a tsakaninsu.

To a nan ne masu ɗan sani suke faɗawa rami, don a sandar sinuka ta Ingila abin juyawa yake. Mai haɗin hannu yana fere gefe biyu na ash ɗin, ya liƙa eboni, ya bari ya bushe, ya fere sauran gefe biyun ya sake liƙawa, sannan ya kewaye ta. Wannan aikin yana ba da tsini mai kewayayyen kai. Haɗin inji, wanda ake yanka katako biyu su shige cikin juna, shi ke ba da kai mai kaifi. Wato kaifi a pul alamar tsohon aiki ne, a sinuka kuma alamar inji ne. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya wuce yawancin masu sayarwa.

Mahaɗa da sauti

Ɗaura ta ka kwance sau biyu ko uku. Tiredin kusar mahaɗar ya tafi sumul, ba girgiɗi, ba ci. In ta ɗauru, ka bi wurin haɗin da farce: kada ka ji tudu, kada haske ya ratsa. Tiredi iri-iri ne, ba kowane rabi ke hawa kan kowane gindi ba, kada ka tilasta. Daga nan ka riƙe ta sako-sako da yatsa biyu wajen gindi, ka buge ta da tafin hannu kusa da mahaɗa, kunnenka a kusa. Lafiyayyar sanda ƙara ɗaya take yi ta yi shiru. Idan ka ji kaɗawa ko wani zuu a ciki, ko dai kusar nauyi da ke gindi ta saki, wanda abu ne mai sauƙi, ko gam ɗin ciki ya rabu, wanda ba mai sauƙi ba ne. Cire robar gindi ka ɗaure kusar ka sake gwadawa, nan take za ka san wanne ne.

Farin ado

Tsofaffin sandunan Amurka masu tsada da yawa an yi musu zoben baki da ado da hauren giwa. Ana gane shi da siraran layuka da ke gicciye juna a inda aka yanke shi, abin da roba ba ta da shi. Idan ka gani, shawarata ka ajiye musu kayansu. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, dokar Najeriya ma ta hana, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kusan tan biyu da rabi na haure a Abuja. Sandar da ke ɗauke da shi ba za ka iya fitar da ita ka sayar a waje ba, kwastan na iya ƙwace ta tun a hanyar shigowa. Mu da giwayen Yankari ke jiharmu bai kamata a ja mana kunne a kan wannan ba.

Sunan da ke jikinta

Sunan da aka fi jefa wa mai saye shi ne Balabushka. George Balabushka haifaffen Rasha ne, 1912, ya je Amurka yana yaro, ya fara ƙera sanda a Brooklyn ta birnin New York a 1959, ya rasu a 1975. Duk abin da ya ƙera bai wuce tsakanin 1,000 da 1,200 ba, kuma na asali suna kai dubun-dubatar daloli. Bayan rasuwarsa an ba da izinin amfani da sunansa, ana buga sanduna a masana'anta da sa hannunsa a jiki. Sanduna ne masu kyau, amma ba nasa ba ne. Ko a fim ɗin The Color of Money na 1986, wanda ya yayata sunan a duniya, sandar da aka nuna ta kamfanin Joss ce. Saboda haka rubutun suna ɓaro-ɓaro a jikin sanda ba hujja ba ce.

Sauran sunayen da masu tarawa ke girmamawa sun haɗa da Herman Rambow na Chicago, da Gus Szamboti wanda ya yi wa Balabushka haɗin tsini a shekarunsa na ƙarshe kuma ya rasu a 1988, da Ernie Gutierrez mai Ginacue, da South West ta Las Vegas wadda masu oda ke jira shekaru kafin layi ya zo kansu. A ɓangaren sinuka akwai John Parris na Landan, wanda manyan 'yan wasa irin su Ronnie O'Sullivan suka yi amfani da sandunansa.

Idan aka ambaci irin waɗannan sunaye, abin da za ka nema shi ne tarihin sandar: takardar shaida daga maƙerin ko wani sanannen masani, rasit, sunan wanda ya mallake ta a baya. Ga maƙerin da ke raye, ka ɗauki hotunan gindi da mahaɗa da lambar jikinta ka aika masa kafin ka biya. Ka kuma tambaya ko an taɓa sake mata fenti ko naɗin wurin riƙo, don a wurin masu tarawa tsohuwar sanda da fentinta na asali, ko da ya dushe, ta fi wadda aka sabunta daraja.

Wajen ciniki ba sai an yi musu ba. Ka ce, "Alhaji, ban ƙi maganarka ba, amma tunda ba takarda, kuɗin sandar bugu zan biya, ba kuɗin suna ba." In ya ce wani na jira da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya ba da kasuwa. Kuma kada ka ɗauka tsada ce ke saka ƙwallo a rami: Stephen Hendry ya ci kofin duniya na sinuka sau bakwai da sanda mai araha da ya samu tun yana yaro, har ta karye a kayan jirgin sama a 2003.

In ta shigo gida

Wannan katakon an busar da shi ne a ƙasa mai wani yanayi daban. A Bauchi, daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙayau, a Agusta kuma ƙofar katako har kumbura take ta ƙi rufuwa. Katakon sanda yana tsukewa yana buɗewa da wannan sauyin, ƙarfen zobenta kuwa ba ya bin sa, shi ya sa a hunturu za ka ji gefen zobe ya ɗan taso. In ta iso daga waje, ka bar ta cikin jakarta a ɗaki kwana biyu ko uku kafin ka fara bugu da ita.

Kada ka jingine ta da bango, nauyinta kaɗai ya isa ya lanƙwasa ta. Kada ka bar ta a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, ko a saman sif dab da rufin kwano, ko a bakin taga. Wurinta jaka mai tauri, a kwance ta gida biyu, a ɗakin da ya fi sanyi, a ɗage ta daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Bayan wasa ka goge ta da busasshen tsumma. In ta yi dauɗa, tsumman da aka matse sosai, sannan busasshe nan take. Sanfefa kuwa ka nisanta ta da jikin sanda: yau santsi, shekara mai zuwa sandar ta rame ta canza bugu. Hodar da ake barbaɗawa a hannu tana cakuɗuwa da gumi ta toshe jikin katakon, safar hannu ta 'yan wasa ta fi. Ash yana son ɗan man linsid, man shafa wa katako, sau ɗaya ko biyu a shekara, a shafa kaɗan a bari ya kwana a goge. Ban da man gyaɗa, ban da man shafawa. Wanda ke yawo da sanda kullum a kan babur, gara ya sayi rabin gaba na kabon maimakon katako, wanda ya yaɗu tun da kamfanin Predator ya fito da nasa a 2016, yanayi ba ya lanƙwasa shi, ya bar na katakon a gida.

Sauya fatar baki

Wannan ne gyaran da za ka yi da kanka. Kafin ka saya, ka tambayi irin fatar: masu hawa-hawa irin su Kamui da Moori da fatar alade ake yin su, masu falle ɗaya kuma yawanci ta saniya ce ko ta ɓauna. Ka sayi wadda ta ɗan fi zoben faɗi.

Naɗe zoben da salatif don kada gam ya ɓata shi. Yanke tsohuwar fatar da sabuwar reza, ka kankare ragowar gam a hankali har fuskar zoben ta fito fes, a baje, ba tare da ka ci gefenta ba. Shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, ka goga bayan sabuwar fatar har sheƙinta ya tafi. Ɗiga sufa gulu mai kauri, ɗigo ɗaya, ka baza shi, ka ɗora fatar a tsakiya ka danne da babban yatsa kamar minti ɗaya, sannan ka ba ta lokaci ta kama. Juya sandar, bakinta a kan katako, ka riƙa yanke abin da ya fito da reza daga sama zuwa ƙasa, kaɗan-kaɗan, kana juyawa, rezar tana bin jikin zoben ba ta shiga shi ba. Sai ka kewaye saman fatar da sanfefa, kana gogawa daga tsakiya zuwa gefe, kullum zuwa ƙasa, har ya yi ɗan tudu. A ƙarshe ka ɗan jiƙa gefen fatar da yatsa, ka murza shi da guntun fata ko kwali har ya yi zafi ya yi sheƙi. Hakan ke hana ta bajewa.

Idan kuɗin bai kai ba

Balabushka kansa ya fara ne da sayen sandunan Titlist na kamfanin Brunswick, masu guda ɗaya, ya yanka su biyu ya sa mahaɗa ya gyara su. Wannan hanyar a buɗe take. Ka nemi tsohuwar sanda mai guda ɗaya a cikin gwanjo, mai haɗin katako na gaske, wadda ta ci jarrabawar miƙewa. Tsufanta alheri ne, ta gama duk motsin da za ta yi. Ka kai wa kafintan da ke da injin juya ƙafar kujera, wanda hannunsa ya faɗa. Mapul da ash ba sa fitowa a dajinmu, don haka kada ya taɓa rabin gaba da wani katako, amma zobe da murfin gindi ana iya yin su da busasshen maɗaci ko baƙar zuciyar kanya, dangin eboni. Ramin kusar mahaɗa shi ne mai wuya, dole ya faɗa tsakiya cif, don haka wannan ka kai wa mai injin juya ƙarfe. Ka sa ya fara gwadawa a kan karyayyar sanda daga shagon unguwarku, ka haɗa ta ka mirgina a kan gilashi, in ta tafi lafiya sannan ka miƙa masa taka.